Sunan da Aka Raɗa wa Mai Yunwa

Ranar 30 ga Agustan 2005 wasu hotuna biyu suka fito a shafin labarai na Yahoo. Kwana ɗaya ke nan da guguwar Katrina ta afka wa gaɓar tekun Louisiana a kudancin Amurka, ganuwar da ke tare wa birnin New Orleans ruwa ta ɓalle a wurare da dama, ruwa yana ta kwarara har sai da ya shanye kusan kashi 80 cikin ɗari na garin. A hoto na farko wani saurayi ne baƙar fata yake ratsa ruwa iya ƙirji, katan ɗin lemo a hammata, yana jan baƙar leda a bayansa. A na biyu mace ce da namiji, farare, su ma ruwan iya ƙirji, su ma da kaya a hannu. Rubutun da kamfanin dillancin labarai na AP ya sa a ƙarƙashin hoton farko ya ce saurayin ya fito ne daga wawashe kanti. Na ƙarƙashin hoto na biyu, wanda ya fito ta hannun AFP da Getty, ya ce mazauna gari ne da suka samo burodi da lemo daga wani kanti.

An yi ta cece-kuce a kan hotunan nan, kowane ɓangare kuma ya kare kansa. AP suka ce mai ɗaukar hotonsu da idonsa ya ga saurayin ya shiga kanti ya fito da kaya. Wanda ya ɗauki ɗayan ya ce kayan da shi ya gani yawo suke yi a kan ruwa, sun kwararo daga kantin da ba shi da sauran ƙofa. Ta yiwu kowa gaskiyarsa ya faɗa, ga shi kamfanoni biyu ne daban, kowa da ƙa'idar rubutunsa. Sai dai mai karatu ba ruwansa da ƙa'idar kamfani. Shi dai ya ga ruwa ɗaya, yunwa ɗaya, suna biyu. A wannan mako kuwa, sunan da aka raɗa maka shi ke nuna ko kwalekwale za a turo maka ko bindiga.

Hausa ba ta yi rowar kalmomi ba wajen ɗaukar abin da ba naka ba. Sata a ɓoye ake yin ta, mai kaya yana barci ko ya ba da baya. Ƙwace ido na ganin ido. Fashi sai da makami da tare hanya. Ɗan sane aljihu yake bi a tasha da kasuwa, ɗan damfara kuwa da zaƙin baki yake sa ka miƙa da hannunka. In yaron gida ne a ce yana da ɗauke-ɗauke, in ana jin nauyin iyayensa a ce yana da ɗan hali. In mai babbar riga ne a ofis, sai a koma handama da babakere, ko a ce an yi sama da faɗi da kuɗi, ba tare da an faɗi wanda ya yi ba. Kowace kalma tana faɗin yadda aka ɗauki abu, tana kuma raɗa maka a kunne matsayin wanda ya ɗauka.

Wawaso ba ɗan wannan gida ba ne, ko da yake nan masu fassara labarai suke ajiye shi duk lokacin da gari ya rikice. A wurin farin ciki aka haife shi. A ƙofar gidan ɗaurin aure, in an shafa fatiha, mai rabon goro da dabino da alewa ya ga jama'a sun fi ƙarfinsa, sai ya watsa ko ya saki faranti, yara da manya su rufar masa. Ba a taɓa kai yaro gaban alƙali don ya cika aljihu da dabinon wawaso ba. Abin lura shi ne sharaɗinsa. Ba a wawaso inda rabo yake tafiya. Muddin mai rabo yana tsaye, akwai layi, na ƙarshen layi kuma yana da tabbacin abin zai iso gare shi, mutane suna jira ko da suna gunaguni. Sai rabo ya lalace ake wawaso. Saboda haka duk wanda ya ce an yi wawaso, ya sani ko bai sani ba, labarin mutum biyu ya bayar: wanda ya wawura, da wanda rabo ya rataya a wuyansa bai raba ba. Na biyun nan shi ne ba ya fitowa a hoto. A babban zauren taro na New Orleans mutane wajen 20,000 suka taru cikin zafin ƙarshen Agusta, ba abinci ba ruwan sha, da tsofaffi a kan kekunan guragu da jarirai a hannu. Ranar 1 ga Satumba shugaban hukumar agajin gaggawa ta tarayya, Michael Brown, ya faɗa a talabijin cewa a ranar ne hukumarsa ta san da zamansu a wurin, alhali duniya tana kallonsu a akwatin da yake magana a ciki.

Mu ma mun ɗanɗani irin wannan a Oktoban 2020, lokacin da jama'a suka fasa rumbunan tallafin korona a Jos da Kaduna da Legas da wasu garuruwa, suka fito da buhunan da aka buga musu tambarin ba na sayarwa ba ne. Gwamnatoci suka ce an yi musu sata. Masu buhu a ka suka ce da sunansu aka karɓo kayan, watanni kuma suka wuce ba su ga rabo ba.

Ɗaya kalmar da 'yan jarida ke so ita ce kwasar ganima, ita kuwa daga fagen fama ta fito. Ganima dukiyar abokin gaba ce da aka ci da yaƙi, tana da babinta a littattafan fiƙihu, har da humusin da ake fitarwa. Kalmar Turancin da aka sa a ƙarƙashin hoton saurayin nan ma haka tarihinta yake. Daga harshen Hindi Turawan Ingila suka aro ta a zamanin da kamfaninsu na East India yake kwashe dukiyar Indiya, ma'anarta kuwa abin da mayaƙi ya kwaso daga garin da aka ci. Wanda ya kira matar da ta ɗauko madarar jariri da famfas daga kantin da ruwa ya ci 'yar kwasar ganima, ya riga ya shelanta cewa ana yaƙi, ya kuma faɗi ɓangaren da take.

Hukuma ta ɗauki shelar da gaske. Ranar 31 ga Agusta, mutane suna kan rufin gidaje suna ɗaga wa jirage masu saukar ungulu tsumma, magajin gari Ray Nagin ya umarci 'yan sanda kimanin 1,500, kusan duk rundunar ke nan, su bar aikin ceto su koma kan masu wawaso. Washegari gwamnar jihar, Kathleen Blanco, ta sanar da isowar sojoji 300 daga Arkansas waɗanda ba su daɗe da dawowa daga Iraƙi ba. Ta ce bindigoginsu a ɗane suke, sun san yadda ake harbi a kashe, kuma tana sa ran za su yi in ta kama. Ba da wata rundunar abokan gaba take ba. Da mutanen da suka zaɓe ta take, waɗanda da yawansu rashin mota da rashin kuɗin otal ne ya hana su barin gari kafin guguwa.

Jita-jita ce ta yi wa kalmar ƙiba. Waya ta mutu, rediyon 'yan sanda ya lalace, kowa ya koma an ce, an ce. An ce ana harbin jiragen ceto. An ce gawawwaki sun cika ɗakin sanyi na zauren taro. Shugaban 'yan sandan birnin, Eddie Compass, ya faɗa a shirin Oprah Winfrey cewa ana yi wa jarirai fyaɗe a filin wasa na Superdome, inda dubban mutane suka fake, magajin gari kuma ya ƙara da cewa mutane sun kwashe kwanaki suna kallon 'yan daba suna kisa. Da maganar ta fito daga bakin manya sai ta zama labari, da ta zama labari sai ta koma kunnen waɗanda ke cikin filin a matsayin tabbas. Ranar 26 ga Satumba jaridar garin, Times-Picayune, ta bi diddigi. Likitan da ya zo Superdome da babbar motar sanyi yana tsammanin gawa 200, shida ya tarar: huɗu mutuwar rashin lafiya, ɗaya ƙwaya ce ta yi masa yawa, ɗaya kuma alamu sun nuna shi ya kashe kansa. A zauren taro gawa huɗu aka samu, ɗaya ce ta yi kama da kisa. Washegari Compass ya ajiye aiki. Kwamitin majalisar wakilai da ya binciki lamarin ya rubuta a 2006 cewa labaran da aka zuzuta sun jinkirta agaji, har direbobin motocin kaya suna juyawa da abinci saboda tsoro.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa lokacin da aka yi ihun ɓarawo ya san yadda abin yake tafiya. Ba mai tambayar me ya sata, ba mai tambayar wa ya gani. Kalmar ita ce ƙara, ita ce shaida, ita ce hukunci, na goma da ya ɗaga sanda kuma bai san na farkon da ya yi ihu ba. Bambancin New Orleans shi ne masu ihun suna da ofis, masu sanda kuma suna da kaki. Da Janar Russel Honoré ya iso da ayarin sojoji ranar 2 ga Satumba, kyamarori suka kama shi yana daka wa sojoji da 'yan sanda tsawa su sauke bakin bindiga ƙasa. Suka shiga zauren taron da ake ta ba su tsoro da shi, ba su tarar da turjiya ba, suka fara rabon abinci, mutane suka bi layi.

Amma ihu ya riga ya yi nisa. Da mutane suka nufi gadar da ta ƙetare kogin Mississippi da ƙafa don su kai busasshiyar ƙasa, 'yan sandan garin Gretna da ke ɗaya tsallaken suka tare su, suka yi harbi sama da kawunansu, suka mayar da su cikin garin da ruwa ya ci. Da safiyar Lahadi 4 ga Satumba kuma wani kira ya shigo rediyon 'yan sanda cewa ana harbin jami'ai a gadar Danziger, gabashin gari. 'Yan sanda suka cika wata motar haya ta ɗaukar kaya, suna isa suka buɗe wuta. Iyali ne a kan gadar, sun fito neman abinci. James Brissette, ɗan shekara 17, ya mutu nan take. Uwar iyalin ta rasa hannunta na dama, mijinta da 'yarta da wani ɗan uwansu suka ji munanan raunuka. Wasu 'yan uwa biyu maza da ke gaba suka ruga a guje, aka bi su, aka harbi Ronald Madison, ɗan shekara 40 mai lalurar ƙwaƙwalwa, a baya. Ba ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke da makami. Ɗan uwan Ronald da ya tsira aka kama shi, aka tuhume shi da yunƙurin kashe 'yan sanda.

Daga nan aikin ya koma na rubutu. Aka zauna aka tsara rahoto, wani sajan ya ɗauko bindiga daga garejin gidansa aka ce a wurin aka tsince ta, aka ƙirƙiro shaidun da ba a taɓa haifa ba. Sai a 2011 kotun tarayya ta sami jami'ai biyar da laifi, aka yanke musu daga shekara 6 zuwa 65. A 2013 alƙali ya rushe hukuncin saboda an gano wasu lauyoyin gwamnati suna rubuta ra'ayi a intanet da sunayen bogi a kan shari'ar. A 2016 jami'an suka amsa laifi, hukuncin ya dawo daga shekara 3 zuwa 12.

Abin bai faro daga Katrina ba. Ranar da girgizar ƙasa ta rushe San Francisco, 18 ga Afrilun 1906, magajin gari Eugene Schmitz ya buga sanarwa cewa an ba sojoji da 'yan sanda izinin kashe duk wanda aka kama yana kwasar kaya, ba kotu ba alƙali. Bayan girgizar Kanto ta 1 ga Satumban 1923 a Japan, aka yaɗa cewa 'yan Koriya suna zuba guba a rijiyoyi, 'yan sintiri da wasu jami'an tsaro suka kashe dubbai daga cikinsu. Bayan girgizar Turkiyya ta Fabrairun 2023, Amnesty da Human Rights Watch sun tattara bayanan yadda jami'ai suka lakaɗa wa waɗanda ake zargi da wawaso duka, har da 'yan gudun hijirar Siriya. Kullum sunan yana sauka ne a kan wanda dama ake kallo a kaikaice. Masana halayyar jama'a irin su Enrico Quarantelli, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin bala'o'i a jami'ar jihar Ohio a 1963, sun shafe shekaru suna zuwa inda masifa ta sauka, abin da suka yi ta tararwa kuwa shi ne maƙwabta ne ke fara tono maƙwabta, kuma kwasar kaya ba ta kai yadda ake tsoronta ba. Daga baya Lee Clarke da Caron Chess suka raɗa wa ɗaya ɓangaren suna, firgicin manya: mai mulki ya ji ragama tana suɓuce masa, sai ya ɗauki jama'arsa a matsayin bala'i na biyu.

Akwai kalmar da ba ta fito a ƙarƙashin ko ɗaya daga hotunan ba, ita ce larura. Almajirin da ya ɗan zauna gaban malami ya san ƙa'idar, cewa larura tana halatta abin da aka hana, ya kuma san ta biyun da ke riƙe da linzaminta, cewa gwargwadonta ake auna ta. An ruwaito cewa a Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan Hijira, da fari ya ƙone Hijaz, Sayyidina Umar bai zartar da haddin sata ba. A Muwaɗɗa kuma akwai labarin bayin wani mai suna Haɗibu da suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Umar ya fara ba da umarnin yanke musu hannu, sai ya juya kan ubangidansu, ya ce yana ganin yunwa yake gasa musu, ya ci shi tarar dirhami 800, ninkin kuɗin taguwar. Bai ce ba a ɗauki abin wani ba, mai taguwa ma an biya shi har da ƙari. Abin da ya yi shi ne ya nemo mutum na biyun nan, mai rabon da bai raba ba, ya tsayar da shi a gaban shari'a.

Hatta kalmar da aka yi wa fararen nan biyu alfarma da ita, a wajenmu ba kyauta ba ce. Tsintuwa tana da nauyi: sai ka yi cigiya, har shekara guda in abin mai daraja ne. Abin da zai lalace kafin a ga mai shi ne malaman Malikiyya suka yarda a ci. Burodi a kantin da ba wuta, cikin zafi da ruwa, ko ba a taɓa shi ba juji za shi. Da wannan ma'auni saurayin da mutanen biyu hukuncinsu ɗaya ne.

Kada a ɗauka ina wanke kowa. An yi sata a New Orleans, sata ta gaske. An fasa shagunan bindigogi, an fita da talabijin da takalma da sarƙoƙi, an shiga gidajen mutanen da suka gudu. Mai ɗan ƙaramin shago da ya dawo ya tarar an share masa jari ba zai sami sanyi a zancen larura ba, kuma yana da gaskiya. Ɓarawo ba ya tuba don an yi ambaliya. Matsalar ita ce kalma ɗaya aka shimfiɗa ta rufe mai talabijin da mai madara, dokar ma haka ta yi. Mako biyu kafin guguwar wata sabuwar doka ta fara aiki a Louisiana, wadda ta sa mafi ƙarancin hukuncin wawaso a lokacin dokar ta-ɓaci ya zama shekara 3. A 2006 wani alƙali ya yanke wa mutum uku shekara 15 kowanne saboda giyar da suka kwasa a wani kanti. Ba mai mutuwa don rashin giya, laifi kam sun yi, amma a ajiye 15 ɗin nan kusa da 12 ɗin gadar Danziger a duba. A garin Kenner kuwa aka tsare wata tsohuwa mai shekara 73, mai hidima a cocinsu, kwana 16 bisa zargin satar tsiran nama, aka sa belinta dala 50,000, ita kuwa tana cewa daga motarta ta ɗauko shi. Wani matashi kuma ya ɗauki motar makaranta da ba tasa ba, ya cika ta da mutane, ya tuƙa su fiye da kilomita 500 zuwa Houston, ya riga motocin gwamnati isa. A littafin doka satar mota ya yi.

Da zargi ya juyo kan 'yan sanda, nan aka ga ashe ana iya tauna kalma kafin a furta ta. An ga jami'ai suna ɗibar kaya a kantin Walmart, an kuma ga wasu suna yawo cikin motocin Cadillac da aka fitar daga wani kamfanin sayar da motoci. Kakakin rundunar ya ƙi yarda a kira abin wawaso. Ya ce ana binciken yiwuwar cewa an mallaki wasu kayayyakin da ba na dole ba. Ta yiwu wasunsu da gaske motar aiki suke nema bayan ruwa ya cinye nasu, wato larura. Sai dai wannan kyakkyawan zato bai taɓa tsallakowa zuwa ga wanda ba shi da kaki ba.

Gidan yari ma yana da nasa tagwayen kalmomi, harafi kaɗan ne tsakaninsu: tsere da tsira. A kurkukun birnin akwai fursunoni sama da 6,000 lokacin da ruwa ya shigo, da yawansu ba a ma yanke musu hukunci ba. Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa a wani gini an bar ɗaruruwa a kulle, ba wuta ba abinci, ruwa ya kai wa na ƙasa ƙirji, suna fasa tagogi suna cinna wa barguna wuta don a gan su. Wanda ya ɓalle ƙofa a wannan hali, wanne ya yi a cikin biyun? Tambayar ta iso gida ranar 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri, katangar gidan gyaran hali ta faɗi, hukuma ta ce fursunoni 281 sun tsere. A cikinsu babu shakka akwai wanda ya ga dama ce ta samu, akwai kuma wanda ruwa kawai yake gudu, sanarwar dai fi'ili ɗaya ta yi wa duka. A New Orleans, tun ruwa bai janye ba, ɗaya daga cikin abubuwan farko da aka gina shi ne sabon wurin tsare mutane, keji-keji na waya a tashar motocin Greyhound, fursunonin kurkukun Angola na jihar ne kuma suka yi aikin.

Sata mafi girma ba ta jiƙa ƙafa, sai ruwa ya janye take zuwa, da takarda da biro. Ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka ya ƙiyasta a 2006 cewa tsakanin dala miliyan 600 zuwa biliyan 1.4 na tallafin gaggawa an biya su ba bisa ƙa'ida ba ko ta hanyar zamba. Ga 'yan kwangilar da suka karɓi kuɗin gyaran gida suka ɓace. Duk wannan ba wanda ya ce a ɗana masa bindiga, sunayensa ma masu taushi ne: kuskuren biya, rashin bin ƙa'ida, karkatar da kuɗi. Ganuwar da ta ɓalle rundunar injiniyoyin sojan Amurka ce ta tsara ta, a 2006 kuma ta amsa cewa akwai aibi a tsarin, amma kotu ta ce wata doka ta 1928 ta kare ta daga biyan diyyar ɓallewar magudanan. Mutum sama da 1,300 suka mutu a bala'in, aka rubuta shi da sunan guguwa. Ray Nagin kuwa, wanda ya janye 'yan sanda daga ceto ya tura su kamun ɓarayi, a 2014 aka same shi da laifuka 20 na cin hanci da zamba, har da na hannun 'yan kwangilar da ke neman aiki a garin bayan ambaliya. Shekara 10 aka yanke masa.

Henry Glover yana da shekara 31. Ranar 2 ga Satumban 2005 ya je bayan wani rukunin shaguna a unguwar Algiers don ya ɗauko wata akwati ta kayan da aka fitar daga kanti, yana shirin barin gari da iyalinsa. Wani ɗan sanda, David Warren, ya harbe shi daga saman bene. Ɗan uwansa da wani mai mota da bai san su ba suka ɗauke shi suka nufi wata makarantar firamare inda 'yan sanda suka yi sansani, suna neman taimako. Aka sa musu ankwa, shi kuwa yana kwance a kujerar baya jini yana zuba. Daga baya wani jami'i, Gregory McRae, ya tuƙa motar zuwa bakin kogi ya cinna mata wuta da gawar a ciki. Ofishin da ke tantance musabbabin mutuwa a birnin ya karɓi ƙonannun ƙasusuwa bai rubuta kisa ba, ba a kuma buɗe bincike ba sai da ɗan jarida A. C. Thompson ya tono labarin a ƙarshen 2008. A 2010 aka sami Warren da laifi, aka yanke masa shekara 25, kotun ɗaukaka ƙara ta ce a sake shari'a, a Disamban 2013 masu taya alƙali yanke hukunci suka sallame shi bayan ya ce ya ɗauka Glover yana riƙe da makami. Sai a Afrilun 2015 sabon shugaban ofishin, Jeffrey Rouse, ya sake duba fayil ɗin ya rubuta cewa kashe Henry Glover aka yi. A lokacin McRae, wanda ya ƙona gawar, shi kaɗai ne a kurkuku saboda lamarin.